Yadda ake ƙawata bango da tsofaffin hotunan furannin Japan

Hotunan furanni da mai ɗaukar hoto ɗan Japan, Ogawa Kazumasa, ya buga a shekarun 1890 launinsu mai taushi ne, suna sanyaya ido, kuma ba siffar mutum ko dabba a ciki, don haka ko a ɗakin salla sun dace. Ana sauke su kyauta a shafin gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam.

Ɗauki babban fayil. Girman takardar A3 na buƙatar wajen ɗigo (pixel) 3500 a faɗi, 4900 a tsawo. Wanda aka turo ta WhatsApp dishi-dishi zai fito. Ka ce wa mai bugawa takarda mai kauri marar ƙyalli kake so.

Idan a Accra kake, babbar matsala ita ce laima. Idan hoto ya manne da gilashi, raɓa na taruwa, ya yi fumfuna. Sa mai firam ya saka kwali tsakaninsu, ya liƙe bayan. A manna ƙananan roba a kusurwoyin baya don iska ta ratsa, musamman a gidajen unguwar Nima da bangonsu ke jiƙewa da damina.

Tsakiyar hoton ya kai santimita 145 daga ƙasa. Kauce wa bangon da rana ke duka, tana kashe launi. Hotuna biyu ko uku sun wadatar.