Yadda ake kashe layin wuta kafin a sa masa hannu

Kalmar da ta fi jefa masu gyaran wuta cikin haɗari a Kano ita ce "an ɗauke". Ɗaukewar wuta daban, kashe layi daban. KEDCO, kamfanin rarraba wuta, na iya maido da ita ba sallama. Ko ba ta dawo ba, janaretan wata masana'anta a Sharada ko Bompai, ko inbatan maƙwabci, na iya turo wuta baya idan ba a haɗa masa cenja-oba, makunnin da ke raba wutarsa da ta gari, daidai ba. Taransfomar da ke sauke kilobolt 11 zuwa bolt 415 tana aiki ta baya ma: wutar janareta ta shiga ta ɓangaren bolt 415, ta fito kilobolt 11 a saman falwaya.

Ka fara da ƙirga hanyoyin da wuta ke shigowa wurin: layin gari, janareta, inbata da batiransa, sai sola. Kowanne a kashe shi a tushensa. Ka tuna farantin sola ba ya jiran izini, muddin rana na dukansa yana ba da wuta, don haka sai an yanke shi ta makunninsa na musamman.

Bayan kashewa, ka cire fis ka riƙe shi, ka sa kwaɗo a kan makunnin, mabuɗin a aljihunka. Ka rataya takarda mai sunanka da lokacin da ka fara. Idan ku uku ne a aikin, kwaɗo uku za a sa, kowa da nasa. Barin yaro ya tsare akwati da "kada ka bari kowa ya taɓa" ba tsari ba ne. Ana iya kiransa ya tafi, wani ya zo ya mayar da wuta.

Sai gwaji, kuma nan ne ake ganganci. Ƙaramar tasta mai kama da sukudireba ba abin jingina rai ba ce. Ka sami na'urar gwaji mai baki biyu, ka gwada ta a inda ka san akwai wuta, ka gwada layin da za ka taɓa, sannan ka koma ka sake gwada ta, don ka tabbatar ba lalacewa ta yi a tsakani ba. A layi mai fes uku, wato wayoyi uku masu ɗauke da wuta, a gwada kowane fes da ɗan uwansa, da nutural, da wayar ƙasa. Inda akwai kafasita, kamar cikin inbata, a jira iya mintunan da aka rubuta a jikin na'urar, domin tana riƙe caji bayan an kashe.

Layin kilobolt 11 da 33 na ma'aikatan da ke da takardar izinin aiki ne kaɗai. Su ma sai sun ɗaure layin da ƙasa ta ɓangarori biyu na wurin aikin. Ana fara maƙala bakin wayar ɗaurin da ke zuwa ƙasa, sannan na layi. Wajen cirewa a fara da na layi.

Idan duk da haka wuta ta kama wani, kada ka cafke shi da hannu. Kashe makunni. In ya yi nisa kuma wutar gida ce, ka ture shi da busasshen katako kana tsaye a busasshen wuri. Babbar waya da ta faɗo kuwa, katako ba ya maganinta: a ja baya aƙalla mita 10, a kira masu layin.

In wanda wutar ta kama ba ya numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6, da saurin 100 zuwa 120 a minti, a hura masa iska sau 2, a ci gaba. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a duba bugun zuciyarsa, domin ƙunar wuta ta ciki takan fi wadda ake gani a fata.