Yadda Za a Gane Ƙuma a Raba Ta da Garke

Masana sun sa ƙuma a rukunin ƙwarin da suke kira Siphonaptera, mai nau'i kusan 2,500. Ba ta da fukafukai, tsawonta bai cika wuce milimita 3 ba, jikinta a matse yake ta gefe da gefe, shi ya sa take ratsa gashi da sauƙi. Wadda ta fi addabar awaki da tumaki da karnuka ita ce ƙumar kyanwa, Ctenocephalides felis. Ta kaji, Echidnophaga gallinacea, kafa baki take yi a gefen ido da tsoron zakara ta zauna daram. Ta ɓera kuwa, Xenopsylla cheopis, ita ke yaɗa cutar annoba da ake kira plague tsakanin ɓeraye da mutane.

Don ka tabbatar akwai ƙuma a garke, tsayar da ɗan akuya a kan farin ƙyalle mai laima, ka taje gashin wuyansa da gindin wutsiya. Idan baƙin ɗigon da ya zubo ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, wato busasshen jini. Duba dasashinsa kuma: in ya yi fari, jini ya ragu, a garzaya wurin likitan dabbobi.

Inda aka fi kuskure shi ne a wanke dabba a bar ƙasa. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai 50 a rana, kuma ƙwan ba ya manne wa gashi, zubewa yake yi a turke. Tsutsar da ke fitowa daga ƙwan tana gudun haske, tana cin kashin manyan, sannan ta saƙa wa kanta kwanso. A cikinsa magani ba ya cimma ta, tana iya yin watanni sai ta ji motsi ko ɗumin jiki ta fito. Zafin bazarar Sakkwato da bushewar hunturu suna kashe tsutsar a fili, amma ƙarƙashin randa da tarin taki da cikin akurki suna riƙe laima.

Saboda haka kwashe takin kaf, a ƙone tsohuwar shimfiɗa, a buɗe wurin rana ta doke shi. Yi wa dukan dabbobin magani rana ɗaya, gwargwadon abin da likita ya auna, a fesa ƙasa da tsagar bango, a maimaita bayan mako 2. Ta kaji a shafa mata man kaɗe, numfashinta zai toshe. Kada maganin ƙwari na permethrin ya taɓa kyanwa, yana kashe ta. Dabbar da aka sayo daga Kasuwar Kara a ɗaure ta daban na mako 2 kafin ta shiga garke.