Darasi: Idan Ƙarfe Ya Yi Yawa a Jiki

Da yawanmu, da mun ji kasala sai mu ce jini ne ya yi ƙasa, mu nemi maganin ƙarin jini. Wani lokaci haka ne. Amma akwai mutanen da ciwonsu akasin haka ne: sinadarin ƙarfe ya yi musu yawa.

Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙarfe kimanin giram 3 zuwa 4. Mafi yawansa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ke riƙo iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina. Ƙwayar jini takan yi kwana 120 ta mutu, sai saifa da hanta su kwashe ƙarfenta, ɓargo ya sake yin sabon jini da shi. Shi ya sa abin da hanji ke tsotsa daga abinci kaɗan ne, miligiram 1 zuwa 2 a rana.

Ku lura da wannan sosai: jiki ba shi da hanyar zubar da rarar ƙarfe, sai ɗan abin da ke fita ta zubar jini ko saɓar fata da ta cikin hanji. Don haka a wajen shiga ake tsaro. Hanta tana yin wani sinadari, hefsidin, wanda yake kamar mai gadi a bakin ƙofar hanji. Ƙarfe ya ishi jiki, ya rufe. Ya yi ƙaranci, ya buɗe.

Wasu ana haifarsu da tangarɗa a ƙwayar gado mai suna HFE, wadda aka gano a 1996. Hefsidin ɗinsu ba ya isa, sai ƙarfe ya yi ta taruwa shekara da shekaru a hanta, da zuciya, da gaɓoɓi. Likitoci suna kiran ciwon himokuromatosis. Yawanci sai mutum ya gāji tangarɗar daga uwa da uba duka, kuma ya fi yawa a zuriyar mutanen arewacin Turai. Maza sukan fara jin sa bayan shekara 40. Mata sukan jinkirta, saboda jinin al'ada yana rage musu.

Alamunsa suna da ruɗi: gajiya, ciwon gaɓoɓin yatsu, duhun fata, ciwon suga. Abin takaici, wani lokaci kafin a gane, hanta ta riga ta ji jiki. Gwajin jini mai suna feritin yana nuna yawan ƙarfen da ke ajiye. Maganin kuwa ɗibar jini ne a asibiti, kusan rabin lita a kowane zuwa, har ajiyar ta sauka. Idan an samu mutum ɗaya da shi, 'yan'uwansa na jini su ma su je gwaji.

Masu sikila da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, su ma ƙarfe yakan taru musu. Su ba a ɗibar musu jini don rage ƙarfen, magani ake ba su da ke fitar da shi.

Ku tattauna: me ya sa bai kamata mai jin kasala ya fara shan ƙwayar ƙarin jini mai ɗauke da ƙarfe ba tare da gwaji ba?