Darasi na Shida: Mayar da Ɗanyen Hoton Kyamara Zuwa JPEG ko TIFF

Manyan kyamarori suna ajiye hoto ta hanya biyu. Ko dai kyamara ta gyara shi da kanta ta ba ku JPEG, ko kuma ta adana duk abin da idonta ya gani ba tare da gyara ba, wanda masu sana'ar ke kira RAW, wato ɗanyen hoto. Kowane kamfani da irin nasa: na Canon yana ƙarewa da CR2 ko CR3, na Nikon da NEF, na Sony kuma da ARW. Idan kuka tura wa mai biki irin wannan fayil, sau da yawa wayarsa ba za ta buɗe shi ba, masu wankin hoto kuma za su ce ku kawo JPEG.

A yawancin kyamarori, kowane ɗigo da ke kama haske launi ɗaya kawai yake gani, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistarsa a 1976: rabin ɗigogin kore ne, kwata ja, kwata shuɗi. Manhaja ce take lissafo sauran launuka biyun daga ɗigogin da ke maƙwabtaka, sannan hoto ya fito. Ɗanyen hoto yana riƙe matakan haske 4,096 ko 16,384, alhali JPEG 256 kacal yake riƙewa a kowane launi. Ɗanyen hoto kamar gari yake, JPEG kuma kamar tuwo, wanda in an tuƙa shi ba ya komawa gari, don haka sai an gama gyara kafin a mayar.

Ku ɗauki misalin ango sanye da farar shadda a tsakar rana. Rigar takan yi ƙyalli har aikin wuyanta ya ɓace, fuskarsa kuma ta yi duhu a ƙarƙashin hula. A ɗanyen hoto kuna iya rage hasken rigar har zaren aikin ya bayyana, ku kuma haskaka fuskar ba tare da fatar ta yi toka-toka ba, muddin hasken bai ƙone wurin gaba ɗaya ba. Haka nan hoton da aka ɗauka ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya, ana iya daidaita shi har fari ya koma fari sosai.

Da farko ku kwafe fayilolin daga katin kyamara zuwa kwamfuta, ku ajiye su a wuri biyu. Ku buɗe su da manhajar Digital Photo Professional idan Canon kuke riƙe da ita, ko NX Studio idan Nikon ce. Darktable da RawTherapee kyauta ne kuma suna karanta yawancin kyamarori, amma Lightroom sai da kuɗi. Ku fara da daidaita fari, sannan haske da inuwa, sannan ku yanke gefen da ba ku so.

Wajen fitarwa, ku zaɓi JPEG mai inganci kusan 90 cikin 100 da tsarin launi na sRGB idan hoton na waya ne, ko intanet, ko wanki na yau da kullum. Idan kuwa za a buga shi babba ko za a ƙara gyara shi, TIFF, wani nau'in fayil na hoto, ya fi dacewa, domin ba ya zubar da komai, ko da yake yana cin wuri ƙwarai. JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, yana rage inganci duk lokacin da aka gyara shi aka sake ajiyewa. Saboda haka kada ku goge ɗanyen fayil don kun miƙa aiki, domin in mai biki ya dawo neman babban hoton bango, daga nan za ku fitar masa da sabo.

Aikin gwaji: ku ɗauki hoton mutum cikin fararen kaya a rana, bayan kun saita kyamara ta ajiye RAW da JPEG tare. Ku rage hasken kayan a kowanne, ku kawo wa malami sakamakon a zama na gaba.