Darasi na Tara: Kula da Wanda Ƙafafunsa Suka Shanye

Shanyewar ƙafafu iri biyu muka fi gani a Katsina. Akwai ta shan inna, mai kama yaro tun yana ƙarami. A shekarar 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar, amma waɗanda ta taɓa suna nan tare da mu. Akwai kuma ta raunin laka, wato jijiyar cikin ƙashin baya, wadda hatsarin babur ko faɗowa daga bishiya ke jawowa. Mai shan inna yana jin taɓi a ƙafarsa. Mai raunin laka sau da yawa ba ya ji, shi ya sa za mu fi tsayawa a kansa.

Fatar da ba ta ji ba ta kai ƙara. Mutum zai kwanta ta gefe ɗaya har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, gyambo ya buɗe a kwankwaso ko ɗuwawu ko diddige. Wannan gyambo yana iya kai mutum lahira. A juya majinyaci duk bayan awa 2, har da dare. Kada a ce sai lokacin salla, domin tsakanin asuba da azahar da nisa. Shimfiɗa ta zama mai taushi, busasshiya. A duba fata safe da yamma. In wuri ya yi duhu, ya yi tauri ko ɗumi, kada a sake kwantar da shi a kansa.

Da hunturu a nisanta masa kaskon wuta. Ƙafa za ta ƙone bai sani ba. Ruwan wanka ma a gwada shi da hannu.

Kullum a lanƙwasa masa gwiwa da idon sawu a hankali, don kada su ƙage. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi, wato masu motsa gaɓoɓi, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za su nuna muku yadda ake yi. Ya sha ruwa sosai. Fitsari mai wari tare da zazzaɓi kuwa, sai asibiti.

Abu ɗaya ke damuna. "Yaya, bari in yi maka" magana ce ta tausayi, amma in ta yi yawa tana kashe hannu. Da hannun nan zai hau kekensa, da shi zai yi ɗinkin hula ko gyaran waya. Ku bar shi ya sa rigarsa da kansa, ko da zai daɗe.

Aiki: Rubuta wurare uku da gyambo ke fara fitowa.