Mayo-Rey: dajin da ka gani yana da masu shi

Duk bayan girbi sai sababbin fuskoki su sauka a Tuboro, cikin yankin Mayo-Rey a arewacin Kamaru, daga Mubi, daga Yola, har da Kanawa, kowa da magana ɗaya a baki: "Ai ƙasa ga ta nan a banza." To ɗan'uwa, zauna ka ji.

Faɗi kam akwai shi. Mayo-Rey ta haura murabba'in kilomita 36,000, ta kusa ninka jihar Kano, amma a ƙidayar 2005 mutanenta ba su kai 400,000 ba. Ƙananan hukumominta huɗu ne: Cholire, inda hedikwata take, sai Rai Buba, Madingirin da Tuboro. Tana iyaka da Chadi da Afirka ta Tsakiya, shi ya sa kasuwar Mbaibum take ci haka.

Masauki ba ya ba mutum wahala. Ka yi sallar magariba a unguwar Hausawa, ba za ka kwana waje ba, wannan kam mutanenmu sai godiya. Ka koyi Fulatanci, shi ne harshen kasuwa. Ka nemi katin zama tun da wuri, Kamaru ba ta cikin ECOWAS.

Gona ce ta ƙona ni. Shekarar da na zo, wani ya kai ni bayan gari a babur, ya nuna daga gindin tsamiya zuwa bakin rafi, ya ƙirga sefa, muka yi musabaha. Na share, na zuba masara. Tana fara bunni sai ga shanu, ashe burtali na noma. Na kai kuka wurin jauro, wato mai garin, ya ce ni ban taɓa gaishe shi ba, wa ya ba ni? Wanda ya karɓi kuɗina kuwa aro aka ba ubansa.

A nan ƙasa ta hannun jauro take bi har zuwa fadar Lamiɗo. A wajen gwamnati kuma, tun dokar 1974, marar takardar mallaka ba mai ƙasa ba ne. Ga gandun namun daji na Buba Njidda da dazukan farauta da ke kewaye da shi, ga ƙabilun Tupuri da Mafa da suka riga ka gangarowa noman auduga.

Bara na faɗa wa wani yaro duk wannan, ya ce nasa dillalin malami ne. Yanzu dako yake a Mbaibum.