Kurakuran da iyaye ke yi wajen haɗa wa yara kayan Halowin a gida

Duk ranar 31 ga Oktoba da yamma, wato daren Halowin, yara a Amurka da Kanada sukan yi shigar burtu su bi gida-gida ana ba su alewa. Al'adar daga Ailan da Sikotland ta fito, 'yan ci-rani suka tsallaka da ita a ƙarni na 19. Musulmi da yawa ba sa barin 'ya'yansu su shiga, wannan kuwa hukuncin kowane gida ne. Maganata da waɗanda suka amince ne, ko waɗanda makaranta ta aiko musu cewa yaro ya zo da wata shiga, suka zaɓi su haɗa da hannunsu. Wanda ya yi tashe yana yaro ya san aikin: tsohuwar rigar baba, gawayi a fuska, gemun auduga. Sai dai can ba gida ba ne.

Gemun audugar nan ya fi komai tayar mini da hankali. A daren, mutane kan fafe kabewa su kunna kyandir a ciki su ajiye a bakin ƙofa, daidai inda yaro zai tsaya ya miƙa jakarsa. Auduga da takarda da yadi mai shara-shara suna kamawa kafin ƙiftawar ido, yadin roba kuma narkewa yake yi ya manne wa fata. A zana gemun da fentin fuska na yara, bayan an shafa kaɗan a hannu kwana ɗaya kafin ranar don a ga ko zai yi ƙaiƙayi. Kada a ɗauko kwallin gargajiya, domin wani yana ɗauke da gubar dalma, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ma ba ta yarda a shigo da shi ƙasar ba.

Sai tsawon riga. Uwa takan bar yadi ya yi ja don baɗi ma a sa, yaron kuwa zai hau matattakalar gidaje da yawa cikin duhu, hannunsa ɗaya riƙe da jaka. A naɗe bakin rigar ya tsaya sama da idon sawu, ya sa takalminsa na kullum, ba na babansa ba. In an yi abin rufe fuska da kwali, a faɗaɗa kafar ido har ya iya hango gefe.

Ganin gefen nan ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da mujallar likitancin yara ta JAMA Pediatrics ta fitar a 2018, wanda ya duba bayanan Amurka daga 1975 zuwa 2016, ya gano cewa haɗarin mota ta kashe mai tafiya a ƙasa yana ƙaruwa da kashi 43 cikin ɗari a wannan maraice, ga 'yan shekara 4 zuwa 8 kuwa ya kai ninki goma. A New York rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, ga shi wasu kayan shigar baƙaƙe ne. Tef mai ƙyalli a baya da jikin jaka, da 'yar tocila a hannu, ba za su ɓata ado ba.

Sanyi ma ana mantawa da shi, saboda a ɗaki mai ɗumi ake gwaji. Mutanen jihar Minnesota ta Amurka har yau suna labarin Halowin ɗin 1991, lokacin da guguwar dusar ƙanƙara ta sauke sama da inci 28 a birnin Minneapolis. A auna kayan a kan rigar sanyi tun farko. In ba haka ba, sai a ɗora jaket a sama ya rufe duk wahalar da aka sha, yaro ya fita yana kumbure-kumbure.

Kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne babba ya ƙwace aikin. Yarinya ta ce tana so ta zama kyanwa, uwa ta ga wani hoto a intanet, ta kwana a kan keken ɗinki, da safe ta miƙa mata abin da ba ta nema ba. Ku tambayi manyan da suka tashi da wannan al'ada, za ku ji abin da suke tunawa: kwalin firiji da suka shafe da fenti a tsakar ɗaki, kunnen da ya karkace, kaka tana riƙe da almakashi tana cewa a tsaya cak. A bar yaro ya zaɓa, ya yi fenti, ya liƙa, babba ya riƙe yanka da allura. Inda ya kamata a taka masa birki shi ne kwaikwayon launin fatar wasu ko tufafin addininsu, da bindigar wasa, wadda makarantu da yawa suka hana.

Kwana biyu kafin ranar, a sa masa komai ya zagaya gida. Ya zauna a kujera, ya hau bene, ya shiga bayi shi kaɗai. Kwalin da ya hana shi zama, a rage shi tun a ranar, da sauran lokacin gyara.